Tanko Ya Bar Ruwa

Ban san Tanko sosai a kan tudu ba sai da ya haura arba'in. Unguwarmu ɗaya a ƙauyenmu na bakin tafki, kudu da Yelwa. Ni ina ɗinkin taru a gindin ɗorawa, shi kuwa kullum yana can cikin ruwa, sai dai a hango hularsa. Mutum ne marar yawan magana. Idan ya sauko gaɓa, tafiyarsa ma ta mai jirgi ce, ƙafafu a buɗe, kamar yana jira ƙasa ta motsa.

Ranar kasuwar Wara manyan jiragen inji kan wuce cike da mutane da buhuna, su bar igiya a bayansu. Ƙaramin kwale-kwale in ya ba igiyar nan gefensa, ya kife. Tun Tanko yana ƙarami ubansa ya koya masa ya juya hancin jirgi ya fuskance ta. Har abin ya bar kansa ya koma hannunsa. Na taɓa ganinsa yana cin ƙosai da hannu ɗaya, yana hira, igiya ta taso, ɗaya hannun ya karkata filafili ya juya jirgin, shi bai ko ɗaga ido ba.

Shekarar da jirgin kasuwa ya daki kututture a ƙarƙashin ruwa, ƙanensa Hammadu yana ciki. Tanko ne ya samo shi a cikin kainuwa. Su biyu kaɗai suka rage wa Inna, mahaifiyarsu. Bayan an watse daga zaman makoki ta kira shi ɗakinta. Ina zaune a ƙofa, na ji.

"Tanko, ruwa ya ci ubanka, ya ci Hammadu. In ka sake taka jirgi ina raye, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

"Inna, da mi za ni ciyar da gida?"

"Masu tudu da mi suka ci?"

Ya tashi ya fita. Da yamma ya jawo kwale-kwalensa bayan gida ya kife shi.

Gona ba shi da ita. Abin da ya sani kifi ne. Sai ya ce zai riƙa sayen ɗanye a gaɓa da sassafe ya kai Yelwa kafin rana ta taɓa shi. Wan matarsa Jummai ya ba shi wani tsohon baƙin keke mai kariyar ɗaukar kaya a baya. Sauran hawa.

Inda hanyarmu ta ƙasa ta haɗu da kwalta akwai rumfar Mati mai faci. Can ya tura keken. Mati ya dube shi daga sama har ƙasa.

"Kai Basarke, ɗan masunta, da furfurarka za ka koyi abin da yara ka yi da wasa?"

"Awo. Kai ma zo in sa ka jirgi mu ga gemunka."

"Allah shi kiyaye. Hau, na riƙe ma."

Zaman sirdi bai ba shi wahala ba, don wanda ya girma a kwale-kwale ba ya rasa daidaito. Tsayawa ce ta gagara. In ya so tsayawa sai ya sauke ƙafa yana jan ƙasa da ita, kamar mai tare ruwa da filafili. Mati na bin sa a guje yana ihu, "Birki! Kama birki, ɗan ruwa!" Tanko ya faɗa cikin ƙaya, ya shiga garken awaki, matan da ke dawowa daga rijiya suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ya tashi ya kakkaɓe riga ya sake hawa. Ban taɓa jin ya yi tsaki ba.

Da ya iya, Mati ya fito da shi kwalta. Ya nuna masa ya bi gefen dama can bakin-baki, ya miƙa hannu kafin ya karya kwana, kada ya amince da ɗan kabu-kabu ko da ya yi masa murmushi. Duk Tanko ya riƙe. Mati ya tsaya yana kallo ya yi gaba, sai ga tirela daga baya. Ta ba shi hanya sosai, ta wuce. Da iskarta ta buge shi, sai kan keken ya karkata hagu, ya nufi inda motar ta bi. Allah ya sa ta riga ta wuce.

Mati bai yi dariya ba wannan karon.

"Mi ya kai ka cikin titi?"

"Ni? Ban shiga ba."

"Da idona na gani. Iska ta taɓa ka, ka juya mata kai. Tanko, wagga ba igiya ba ta. Bayanta akwai taya."

Tanko ya dubi tafin hannunsa, ya daɗe yana dubawa.

Suka gwada sau da yawa. In yana sane, hannun na tsayawa. In hankalinsa ya ɗan tafi, hannun ya yi abin da ya saba. Daga ƙarshe Mati ya ce masa dabara ɗaya ce: duk lokacin da ya ji ƙarar babbar mota, ya sauka daga kwalta, ya dire, ya tsaya har ta wuce.

Haka ya yi ta yi. Sai dai hanyar nan ba ta rabuwa da manyan motoci, masu shanu, masu albasa, masu mai. Kafin ya isa Yelwa rana ta ɗaga. Matan kasuwa su ɗaga kunnen kifin su leƙa, su danna cikinsa da yatsa, su goge hannu su wuce. Sau da yawa ya dawo da rabin kaya, Jummai ta hura wuta ta yi banda da abin da bai lalace ba. Hayaƙin gidansu ya fi ƙamshin miyarsu yawa a watannin nan. 'Ya'yansa suka fara zuwa wasa gidana daidai lokacin tuwo. Sai aka ƙara kwano.

Wata rana ya zauna kusa da ni yana taya ni riƙe taru, sai ga Basiru, abokin kamun kifinsa na da.

"Zo mu fita gobe, mu dawo kafin hantsi. Inna ba ta gani sosai, wa za shi gaya mata?"

Tanko ya dubi tafkin. Ruwan ya kwanta luf a ranar.

"Tana shinshina rigata in na shiga gaishe ta," in ji shi. "Ko ba ta shinshina ba, na riga na amsa."

Bayan wannan ne aka ga ya fara isa Yelwa da wuri. Kifi na ƙarewa, yara suka daina zuwa gidana. Mati ya tare shi ya tambaye shi ko har yanzu yana direwa. Ya ce yana direwa ga manya-manyan. Mati ya ce dukansu manya ne. Tanko ya yi murmushi ya taka feda.

Ranar da abin ya faru, giwan ruwa ya samu, babba, ya ɗaure shi a kariya wutsiyar na kusan jan ƙasa. An ce yana ta fara'a a gaɓa. Ya wuce rumfar Mati ya kaɗa masa ƙararrawa. Bai yi nisa ba wata tirela ta taso daga baya, iskarta ta buge shi, hannunsa ya juya keken ya shiga ƙarƙashinta.

Direban ya tsaya, ya zauna a bakin titi ya ɗora hannu a ka, yana rantsuwa ya ba shi fili. Mati ya ce gaskiya ya faɗa, ya ba shi.

Ni ban je wurin ba. An kawo shi a tabarma, ba a buɗe wa mata ba. Ni da Mati aka tura ɗakin Inna. Ta riga ta ji kukan Jummai. Tana zaune a bakin gado, carbi a hannu.

"Ruwa na?"

"A'a, Inna," in ji Mati. "Mota ta."

"Bai shiga jirgi ba?"

"Ko sau ɗaya."

Ta ja carbinta. Sannan ta ce, "To, na yafe mishi duniya da lahira. Ruwa dai bai same shi ba."

Mati ya buɗe baki, ya dube ni. Na dubi ƙasa. Ya rufe.

Kwale-kwalen yana nan a kife bayan gidan, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa. Mati kuma, in wani daga bakin ruwa ya turo keke ya ce a koya masa, yakan ce ya fara buɗe tafin hannunsa. In ya ga kantar filafili, sai ya koma kan facinsa, ya ce yau aiki ya yi masa yawa.