Burodin da Baba Isufu Ya Nema

Har yau ban taɓa mantawa da ranar da babban yatsana ya kunyata ni a Kongolam ba. Ku sababbin direbobi ku saurara, don na ga wasunku da irin kan da nake da shi a lokacin.

Lokacin ni ne babban direba a ofishinmu na Daura. Ban da tuƙi, ni ake aika sayen abin taɓawa idan za a yi taro: kek, donat, cincin, burodin shayi. Babu gidan burodin da ban san ƙofar bayansa ba. Gwajina ɗaya ne, irin na kowa a garin nan: in latsa burodi da yatsa. In ya lotsa ya dawo, na yau ne. In ya yi tauri, kwantai ne. Da wannan ɗan ilimin nake tinƙaho kamar na yi digiri.

Maigadinmu a lokacin Baba Isufu ne, dattijo mutumin Damagaram da ya zo Daura tun yana saurayi. Shi ke buɗe mini ƙofa kullum yana tsokanata wai ina tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai. A ƙarshen damina ya kwanta rashin lafiya. An sallame shi daga asibiti da sharaɗin ya ci abinci kafin ya sha magani, shi kuwa ko kunu ya ƙi. Ran Laraba shugabar sashenmu, Hajiya Binta, ta kira ni.

"Malam Haruna, iyalin Baba sun ce abu ɗaya yake ambato, wai kurwasan. Wani burodi ne mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, da ya ci a gidan da ya yi aiki yana yaro. Za ka samo?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, in dai burodi ne, an gama."

Ƙa'ida ita ce mota ba ta fita sai an cike takardar fita, an rubuta inda za a da dalili, jami'in sufuri ya sa hannu. Ya karanta "neman burodi", ya dube ni ta saman tabarau, ya sa hannu. Shi ma Baba ke buɗe masa ƙofa.

Gidan burodi huɗu na zaga a cikin gari. Wani ya lanƙwasa mini burodin shayi ya ce ga shi nan. A na ƙarshe ne mai kwaɓi ya ce in je Kongolam, bakin iyaka, in tambayi Malam Mamman, wanda ya koyi sana'ar a ƙetare.

Na same shi a ɗan shagonsa, ga abin a faranti, ja-ja-jur, da lanƙwasarsa. Ban ko gama amsa gaisuwa ba na kai yatsa. Sai ji na yi ƙaras, ɓawo ya farfashe ya zube. Na latsa na biyu, haka. Na uku ma haka.

Na ce, "Haba Malam, ka ji tsoron Allah! Wannan ai ya kwana uku. Mara lafiya zan kai wa."

Ya ce, "Alhaji, ɗazu na fiddo shi."

Ban saurare shi ba. Na zaɓi wani lallausan burodi mai sukari na kama hanya, ina jin na yi dabara.

Baba Isufu ya karɓa da hannu biyu, ya sa mini albarka, ya ajiye a gefen filo. Ya rame har na ji ƙwalla ta zo mini.

Ya ce, "Ɗana, ka wahala. Amma wancan, in ka taɓa shi ƙara yake yi. Ɓawonsa duk ya zube maka a riga."

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Washegari na sake cike takarda, na koma na ba Malam Mamman haƙuri, na gaya masa ko don wa ne. Bai yi mini gori ba. Ya ce na ranar ya ƙare, kuma ba abin gaggawa ba ne. Ana shimfiɗa ƙullun, a sa man shanu mai sanyi a tsakiya, a ninke, a bar shi ya huta, a sake ninkewa, har ya zama falle-falle. Da zafinmu na nan, sai da sanyin safiya yake yiwuwa, in ba haka ba man ya narke. Ya ce in dawo bayan sallar asuba ran Juma'a.

Da na zo ya naɗe mini shida a takarda. Na jawo leda, ya riƙe mini hannu.

"Leda gumi take sa shi. Kuma don Allah, Alhaji, yatsan nan naka a aljihu."

A kujerar gaba na ɗora shi, na yi tuƙin mai ɗauke da ƙwai na gaske. Baba ya ɗauki guda, ya kai kusa da kunne, ya ɗan matsa. Da ya ji ƙarar sai ya yi murmushi har dasashi.

"Shi ne! A kawo mini shayi."

Ya ci biyu, gemunsa duk ɓawo, ya sha maganinsa. Matarsa ta fita tsakar gida tana share hawaye. Bayan 'yan makonni ya dawo bakin ƙofarsa, kuma tun da ya ji labarin latse-latsen da na yi a Kongolam bai sake kirana Haruna ba, sai Mai-Latsa.

Abin da na koya shi ne, direba yana iya sanin kowace hanya amma bai san abin da aka aike shi ɗaukowa ba. In an aike ku, ku tambayi mai so yadda abin yake, ku kuma saurari mai sana'a kafin ku yanke masa hukunci. Gaggawata ta sa dattijo ya ƙara kwana biyu da yunwa. Baba Isufu ya rasu bayan na yi ritaya, Allah ya jiƙansa. Ni kuwa har gobe in na shiga gidan burodi, hannuna a aljihu yake.