Takalman Bakin Zauren Majalisa

Shekara ashirin da biyu na zauna da shi ban taɓa kiran sunansa ba, Malam nake ce masa. Yau tun da rubutu ne zan faɗa: Nata'ala, masinjan majalisar gundumarmu a cikin birnin Kano. Allah Ya haskaka kabarinsa.

Ɗan dukawa ne. Ubansa takalma yake ɗinki, shi ma a kan fata ya tashi, har wata rana wuƙar yanka ta ɓata masa babban yatsan dama. Da ɗinki ya gagara, aka samo masa aikin masinja, aka ba shi kaki da jar ɗamara da wani ɗaki a jikin ofishin majalisa. Nan aka kai ni. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da sito, kuma in na hau kan soro shanyar kuɓewa, ƙofar zauren majalisar tana ƙarƙashina kamar tafin hannu.

Aikinsa kai takarda, da share zaure, da shimfiɗa tabarmi ranar Litinin, ranar zama. Amma abin da ya fi ɗauka da girma shi ne jera takalma. Mutum tara ne 'yan majalisar: masu unguwanni bakwai, da Liman, da Wakili wanda shi ne shugaba. Kowa ya zo sai ya tuɓe a bakin zaure ya shige, Malam ya bi ya jera su bisa girman masu su, ya juya bakinsu waje. Daga nan ya tsaya a gefe. Muddin takalman nan na jere, ba mai tsallakawa. Mai ƙara ya zauna a dakali sai an kira shi. Akuya ma Malam korar ta yake yi da ladabi, ba ya ɗaga murya.

Ya san kowa ta takalminsa. Yakan ce mini, "Tani, yau Mai unguwa Shehu da faɗa ya zo. Ɗaya a gabas ya yar, ɗaya a yamma." Ko ya ce, "Wakili ƙafar hagu na damunsa, dubi yadda dunduniyar ta cinye."

Abin da suke tattaunawa a ciki ba wani abu ba ne mai ban tsoro: kwalbatin da ya toshe, jujin da ya cika, wanda ya ci hanya da katangarsa, kududdufin da yara ke faɗawa. Sai maganar famfo. Wannan kam ta shekara tana yawo. An yarda za a kafa famfo a unguwar Shehu, shi kuma ya ce a ƙofar gidansa za a kafa. Mai haɗa famfon majalisa, Agustin, wani Ibo siriri mai gilashi da ke zuwa daga Sabon Gari a keke, ya auna ya ce ruwa ba zai hau can ba, tudu ne, sai dai gangare wajen masallaci. Shehu ya ce ba a yi baƙon da zai gaya masa inda ruwa ke hawa a unguwar kakansa ba. Kowace Litinin sai a ɗaga maganar zuwa wata Litinin.

Ana haka aka shiga shekarar kashe-kashen nan, kafin yaƙin basasa.

Ranar Asabar Agustin yana cikin sito yana yanka bututu, labari ya iso wai ana kashe mutanensu a tasha da Sabon Gari. Malam bai yi shawara da kowa ba, ya ce masa ya shige bayan bututun, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo. Ya zo ya ce in ƙara hannu a tuwo. Ban tambaya ba.

Lahadi na hau soro na ga hayaƙi ta arewa, baƙi ƙirin. Samari suna dawowa ta lungu, wannan da keken ɗinki a ka, wancan da katifa, wani rigarsa jina-jina yana dariya. Da la'asar suka ritsa wani mai gyaran agogo a lungun bayanmu. Ya yi ta cewa da Hausa shi a nan aka haife shi. Da taɓarya suka fara, suka gama da dutsen guga. Takalminsa ɗaya ya zauna a kan kwata har kwana uku. Na sauko na yi alwala na tayar da salla, na kasa tuna raka'a nawa na yi.

A ranar ne wani ya ga Malam yana shiga sito da kwano da buta.

Litinin da hantsi mutum huɗu kaɗai suka zo zama, har da Wakili, dukansu daga unguwannin nesa. Malam ya durƙusa ya faɗa musu abin da ke cikin sito. Ya roƙa a ba da motar kwasar shara, Musa direba ya sa Agustin ƙarƙashin buhuna ya kai shi barikin 'yan sanda.

Wakili ya shafa gemu. Ya ce, "Ka san doka, Nata'ala. Motar majalisa ba ta fita aikin da ba nata ba sai mutum biyar sun yarda an rubuta. Mu huɗu ne. Gobe in aka tambaya, wa zai ce shi ya ba da?"

Malam bai yi musu ba, bai taɓa musu da doka ba. Ya zaga gidajen sauran biyar ɗin da takardar kira. Kowa aka ce ba ya nan, ko ba ya jin daɗi. Shehu kuwa ya aiko daga ciki a ce masa barci yake. A hanyar dawowa Malam ya ga samari na taruwa a bakin masallaci, Sani ɗan Shehu a gaba, suna wasa adda a jikin dakali.

Ya shigo yana haki, ya tarar da Iya Asibi mai kitso tana tsefe mini kai. Tsohuwa ce da ba gidan da ba ta shiga. Ya durƙusa gabanta.

"Iya, takalma nake so. Waɗanda ake zuwa majalisa da su, na mutum biyar ɗin nan. Ki karɓo wajen matansu."

"Takalma? Kai ɗan nan, gadon ubanka ne ya motsa?"

"Yaran nan ba sa jin maganata, Iya. Amma kowanne ya san takalmin ubansa."

Ta dube shi, ta dube ni, ta bar mini kai rabi a tsefe. Ta ɗauki ƙwaryata da faifai ta fita. Ban san abin da ta faɗa wa matan ba. Kafin azahar ta dawo da ƙafa biyar a rufe kamar mai kai tuwon suna.

Na hau soro. Na ga Malam ya jera tara cif, bisa girma, bakinsu waje, ya gyara ɗamararsa ya tsaya a gefe inda ya saba tsayawa. Sito yana can cikin gida, ƙofar baya a garƙame, ba hanyar kaiwa gare shi sai ta zauren.

Suka zo, sun fi talatin, da gora da adda da barandami. Sani ya ce, "Baba Nata'ala, matsa. Mun san yana ciki."

"Majalisa na zaune, Sani."

"Wace majalisa yau? Gari na ci da wuta!"

"Ga na babanka nan, na uku daga dama, jan fade mai faci a hanci. Ni na sa facin. In za ka tsallaka shi, bisimilla. Kai Ado, ga na kawunka. Lawal, daina ɓuya, na gan ka, ga sambatsan Alhaji babanka."

Wallahi sai suka tsaya. Na ga adduna suna sauka ƙasa-ƙasa. Lawal ya cire hula ya mayar. Wani daga baya ya ce, "To mu jira su tashi mana," wasu har suka nufi dakali kamar masu kawo ƙara.

Amma akwai wani dogo a cikinsu mai gariyo, ba ɗan birni ba ne, ban taɓa ganinsa ba kafin ranar ko bayanta. Shi ba ubansa a layin. Ya ce, "Ku ji mini 'yan birni! Takalmi ne ya tsare ku?" Ya sa ƙafa ya yi fatali da na Shehu, ɗaya ya faɗa kwata.

Malam ya sunkuya, kamar yadda ya saba sunkuyawa kowace Litinin, ya ɗauko takalmin ya goge a jikin kakinsa zai mayar. A sunkuyen nan dogon ya sare shi tsakanin wuya da kafaɗa. Na ji ƙarar har kan soro, kamar an sara kabewa. Ya ƙara masa a hannu. Malam ya faɗi a kan gwiwa, jini na bin takalman ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana laluben gurbin na uku da hannun da ya rage.



Sai ga Mai unguwa Shehu ya ɓullo ta lungu, ƙafarsa ba komai, yana taka ƙasa mai zafi yana faɗa. Matarsa ta gaya masa inda takalmansa suke, ya zo karɓa. Samari suka dube shi, suka dubi layin. Sani ya ce, "Baba, ashe ba ka ciki? Ƙarya ya yi mana!" Gorori suka sake tashi sama.

Shehu ya tsaya. Ya dubi Malam, ya dubi jan faden da ke hannunsa. Mutumin da ke sito shi ne wanda ya shekara yana ƙi. Ni dai na ce shi ke nan.

Ya ce, "Wa ya taɓa takalmina?"

Dogon ya fara ja da baya.

"Kai Sani, kana tsaye aka jefa takalmina a kwata? Inda takalmina yake, nan nake. Nata'ala, ajiye shi a wurinsa." Malam ya ajiye. Shehu ya ɗaga ƙafa ya tsallake jinin, ya juyo daga bakin zaure. "Majalisa na zaune. Wanda ya haifu ya biyo ni."

Ba wanda ya bi shi. Ado da Lawal ne suka ɗauko Malam suka shigo mini da shi, suna kuka kamar ba su ba. Sauran suka watse, wasu suka bi dogon da jifa.

Mutum biyar sun cika. Magatakardan majalisa ya gaya mini daga baya cewa sai da aka karanta abin da aka zartar a zaman baya tukuna, don haka tsari yake, sannan aka kawo maganar mota. Shehu ne ya fara ɗaga hannu. Kafin la'asar motar shara ta fita ta ƙofar baya, Shehu a gaba kusa da direba, har lokacin ba takalmi. Musa ya ce da idonsa ya ga Agustin ya shiga bariki, bayan kwana biyu kuma aka sa su a jirgin ƙasa. Ko ya isa gida, ko yaƙin ya bar shi, Allah Shi Ya sani. Kekensa ya shekara shida a sito.

Malam ya kwana tara a asibiti. Ya yi magana sau biyu. Na farko ya tambaya ko motar ta dawo. Na biyu ya ce in gaya wa Iya Asibi ta mayar wa kowa nasa, kada ta haɗa na Alhaji da na Liman, kamarsu ɗaya amma na Liman ya fi faɗi. Ranar Laraba da hantsi ya cika. Na yi takaba a ɗakin nan, majalisa ta zauna ta yarda in ci gaba da zama a ciki.

Famfon kuwa an kafa shi bayan yaƙi, a gangare wajen masallaci, daidai inda Agustin ya buga turke. Shehu ne ya kawo maganar da kansa. A nan nake ɗibar ruwan alwala.