Ranar da Bareyi Suka Ƙi Gudu

Ko na tsufa ba zan manta da ranar da aka naɗa ni jagoran mafarauta ba, ni haifaffen Fagge, ɗan tela, wanda kafin zuwana Qatar ban taɓa ganin barewa ba sai a gidan zu.

Ku da kuke gadi a unguwar Mushairib ta birnin Doha cikin sanyin na'ura, bari in fara yi muku bayanin aikin. Kafil ɗina, wato wanda ya ɗauke ni aiki, wani dattijo ne mai gona a arewa da Doha, can cikin sahara. Ba gonar gero ba ce. Fili ne makeke da aka kewaye da waya, aka zuba bareyi a ciki, duk shekara iyalin gidan su fito da baƙinsu su yi farauta da karnuka. A sama akwai dattijon, muna ce masa Baba. Sai ɗansa Nasir, sai mudir, wato manaja, wani mutumin Sudan mai suna Usman, sai likitan dabbobi da ke leƙowa mako-mako. Mu kuma muna can ƙasa. Ni direba ne. Kullum da safe nakan loda ciyawa da dusa a wata tsohuwar a-kori-kura mai tari, in zaga filin ina zubawa.

A shekarata ta uku, cikin watan Janairu, aka yi wani sanyi da ko 'yan ƙasar sai da suka yi maganarsa. Ruwa ya yi kwanaki yana sauka, yana ɗaukewa kuma iskar arewa ta taso. Barewar sahara ta san zafi, ba ta san jiƙewa ba. Ciwon huhu ya shiga garken. Aikina ya zama biyu: in tafi da abinci, in dawo da mushe. Wata safiyar sai na tarar da uwa da ɗa sun sandare a jikin waya, inda suka raɓe wa iska. Waɗanda suka tsira kuwa yunwa ta sa suka daina tsoron mota, har likita ya ce in riƙa tsayawa ina ba raunanan a kwano.

Da sanyin ya lafa, likita ya zaga ya duba. A gabana ya ce wa mudir, "Bana babu farauta. Abin da ya rage bai kai rabi ba, kuma yawancin matan ciki ne da su."

Mudir ya ce ya ji. Da ya kira Nasir a waya, ya ce masa an yi asarar wasu. Nasir kuma ya gaya wa Baba, wanda ke jinya a ƙasar waje, cewa sanyi ya ɗan taɓa su. Kafin labarin ya kai sama, kamar mura ce kawai bareyin suka yi. Ashe kuma Nasir ya riga ya gayyaci abokansa.

Ana gobe za su zo, mudir ya kira ni ofis. Ashe wani Bafulatanin Nijar da ya saba yi musu jagora ya tafi hutu.

"Sani, gobe kai za ka shige gaba."

Na ce, "Yallaɓai, ni fa direba ne. Ban san farauta ba."

"Kai ba ɗan Afirka ba ne? Ka san daji."

Na so in tuna masa cewa shi ma Sudan ba a Turai take ba, amma na tuna izinin zamana ya kusa sabuntawa. Na ce, "To maganar likita fa?"

"Halas, magana ta ƙare. Yalla, maza je ka wanke mota."

Washegari da hantsi suka iso cikin manyan motocin jif, da fararen riguna, da karnukan saluki masu siririn ciki waɗanda aka rufa wa bargo. Nasir ya gabatar da ni da Larabci, na tsinci kalmar da ke nufin ƙwararre. Wani baƙo ya tambaye ni ta ina iska take kaɗawa. Na nuna masa inda rigarsa ke karkata, ya gyaɗa kai cikin girmamawa.

Na shiga a-kori-kurata, tunda ita kaɗai aka ba ni, suka biyo ni a jere. Yadda aka saba shi ne, a hango garke daga nesa, a lallaɓa, bareyi su zabura, a saki karnuka, motoci su bi. Mun haura wani tudun yashi ke nan sai na hango su. Su ma suka ji tarin motata. Suka ɗaga kai gaba ɗaya, suka zabura da gudu kamar yadda ake so, sai dai wajenmu suka nufo.

Kafin in taka birki sun kewaye ni. Wata ta cusa kai ta taga tana shinshina aljihuna. Wasu suka zaga baya suna leƙen inda dusa take zama. Aka saki karnuka biyu, suka tsaya suna kallon masu su, don saluki abin da ke gudu yake bi. Baƙi suka fito da wayoyi suna ɗauka, suna dariya har da riƙe ciki.

Nasir bai yi dariya ba. Ya sauko fuska a murtuke ya ce, "Kore su! Sa su su gudu!"

Na cire hulata ina kaɗawa, ina ihu. Suka ja da baya kaɗan, suka dawo. Na ruga da gudu don in tsorata su, suka biyo ni a baya. Ƙwararren mafarauci a gaba, garke a baya, karnuka a zaune.

Sai wani baƙo ya danna hon da ƙarfi. Wannan karon suka firgita suka watse, karnukan kuma suka tuna aikinsu. Akwai wata ramammiya mai tabo a kunne da na sha ba ta abinci a kwano. Ba ta yi nisa ba ƙafafunta suka harɗe, kare ya cim mata. Aka yi kabbara, aka yanka. Da mai fiɗa ya buɗe cikin, sai ga ɗa ya kusa haihuwa, har da gashi a jikinsa. Dariya ta ɗauke. Wani dattijo cikin baƙin ya dubi haƙarƙarin sauran da suka tsaya nesa suna haki, ya ce wa Nasir, "Ɗana, waɗannan ba na farauta ba ne, na jinya ne." Ya shiga motarsa.

Farautar ke nan. Naman ramammiya ɗaya ba zai ishi taro ba, sai aka aike ni cikin gari na sayo raguna. Da aka zauna cin abinci, na ji wani yana cin ragon yana cewa naman daji daban yake, ba a haɗa shi da na kasuwa.

Bidiyon ya riga kowa isa wajen Baba a gadon asibiti. Ya kira likitan dabbobin da kansa, ya ji gaskiya, ya hana farauta har sai garken ya farfaɗo. Mudir ya sami yabo saboda kula da dabbobi a lokacin wahala. Ni kuma aka ja mini kunne, wai na lalata bareyi da sabo. Don a gyara, aka karɓe a-kori-kurar aka ba ni sabuwar mota marar ƙara, yadda ba za su gane ni ba. Ba a yi mako ba suka gane ta.

Abin da na koya shi ne, a irin wannan aiki masu gida daji suke so, amma dajin da ake kulle ƙofarsa da yamma, kuma kai ma'aikaci kai za ka samar da dajin, kai za ka riƙe makullin. In ka yi abin da aka sa ka da kyau, shi ma yana iya zama laifinka. Ban ji haushi sosai ba. Da watan Maris ya kama, matan da suka rage suka fara haihuwa, ni ne kuma na fara ganin 'ya'yan suna koyon tsayuwa a kan yashi. Babu wanda ya ɗauki wannan a waya, ba kuma wanda ya ja mini kunne a kansa.