Burs Ɗina da Zabin Gwaggo

Babana mahauci ne a kasuwar Sokodé, kuma a gaban teburinsa aka kawo masa labarin na samu burs. Malaminmu na lise, wato sakandare, shi ne ya zo a kan keke, ya jingine shi jikin rumfa, ya ce wa Baba na ci bak, jarrabawar gama lise, da sakamako mai kyau, don haka gwamnati za ta ɗauki nauyin karatuna a jami'a a Lomé, har ta riƙa ba ni kuɗin abinci da na ɗaki. Ina tsaye a gefe da kwanon da Inna ta aiko ni karɓar naman miya. Baba ya ajiye wuƙa, ya goge hannu, ya sa malamin ya maimaita.

"Wato ita ta zauna ta yi karatu, su kuma su biya ta?"

Da aka tabbatar masa, ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce shi a iya saninsa ɗalibi ne ke kai wa malami kuɗin Laraba. Ya yanko tsokar cinya mai kyau ya naɗe wa malamin, ni kuwa ya manta da naman miyar, sai da na tuna masa.

A unguwarmu ta Zango an yi 'yan maganganu, don a lokacin ba a saba ganin 'ya mace ta tafi Lomé ita kaɗai ba. Baba bai yi gardama da kowa ba. Ya kai ni wurin malamin da ya sauke ni Alƙur'ani, ya sa mini albarka a gaban mutane, maganar ta mutu a nan.

Shekarata ta farko a jami'a ta yi daɗi. Burs ɗin ba shi da yawa, amma mu uku muke haɗa tukunya a ɗaki, Inna kuma tana aiko mini da doyar Aouda da yaji ta hannun direbobi. Da kuɗin farko da na karɓa na saya wa Baba rediyo. A cikin rediyon nan ya riƙa jin yadda ƙasa ke rikicewa: ana neman a buɗe jam'iyyu, ɗalibai na kan gaba a zanga-zanga, yau a buɗe aji gobe a rufe. Daga baya aka shiga dogon grev, wato yajin aiki, ma'aikata suka zauna a gida, jami'a ta rufe, burs ya tsaya. Mutane suka yi ta ficewa daga Lomé. Ni ma na ɗaure littattafaina a zani na hau mota.

Na dawo na tarar cinikin Baba ya ja baya, domin ma'aikatan da ke sayen nama ba su ga albashi ba. Ba wanda ya ce mini komai, amma na san ko an buɗe jami'a gobe, ba za a samu abin mayar da ni ba. Ina wuni a ɗaki ina juya littafi ba tare da na karanta ba.

Gwaggo ce ta fitar da ni. Yayar Baba ce, tana aure a Dapaong, sana'arta sarin zabi daga ƙauyukan ƙabilar Moba tana kawowa Sokodé. Mace ce gajera mai babbar murya, ba ta iya raɗa ba. Ta zo suna a unguwarmu, ta leƙo ta gan ni kwance da rana tsaka, ta juya ta ce wa Baba ta tafi da ni. A mota ta yi mini bayanin tsarinta. Za ta ba ni jarin akurki biyu na zabi, in yi fatauci tare da ita, ribar ta shiga asusun karatuna. Jarin kuwa sai na gama na fara aiki zan mayar.

"Rance ne fa, 'yata," ta ce. "Ni ba gwamnati ba ce, ba na kyauta."

Dapaong ta yi mini daban. Gari ne a buɗe, ka ɗan fita kaɗan sai gonakin dawa da gidajen ƙasa masu zagaye. Muna zuwa ƙauyuka a bayan zemijan, baburan haya da suka fara yawa a lokacin, ni da Gwaggo kowa da nata, akurki a ɗaure a baya. Manoman suna jin Hausar kasuwa, amma ba ruwansu da mace ko namiji a magana. Wani tsoho da muke saye a wurinsa kullum sai ya ce wa Gwaggo, "Yaronka ya zo? Shi ne mai karatu?" Da farko ina gyara masa, daga baya na haƙura na zama yaron Gwaggo. Matarsa takan ajiye mini ƙwan zabi dafaffe, ni kuma ina duba wa jikokinsu aikin lekol, wato na makarantar boko, a gindin mangwaro yayin da ake ciniki.

Na koyi taɓa ƙirjin zabuwa in san ko ta ci ta ƙoshi, na koyi riƙe ƙafafunta yadda ba za ta yage ni ba. Abin da ban taɓa sabawa da shi ba kukansu ne. In ɗaya ta fara, sai duk tsakar gida ya ɗauka, ba mai jin maganar wani. A cikin wannan hayaniyar nake bitar darussana, Gwaggo kuma takan sa in karanta da ƙarfi ko da ba ta jin Faransancin littafi. Ta ce tana so ta ji inda kuɗinta zai tafi.

Muna loda akurkai a saman mota mu gangaro Sokodé, inda masu gashi na bakin tasha ke jiranmu, don matafiya ba su daina cin nama ba ko ana grev. Hanyar cike take da shingaye. Gwaggo ta gargaɗe ni kada in ce ni ɗaliba ce, domin a lokacin ana yi wa ɗalibai kallon masu tayar da fitina. Sau da yawa ba a ma tambaya ta, ana ganin gashin zabi a ɗankwalina sai a wuce.

Wata rana da hantsi, a wani shinge kafin Kara, aka ce kowa ya sauko ya nuna takarda. Ni kuwa ba ni da komai sai katin jami'a. Na miƙa wa wani soja saurayi. Ya duba katin, ya dube ni, ya sake duba katin, sannan ya ce in tsaya gefe. Na koma gefe na tsaya a tsorace. Gwaggo ta matso tana shirin magana, sai ɗan'uwansa soja da ya hau saman mota duba kaya ya ɗaga murfin akurkina ɗaya don ya ga abin da ke ciki.

Zabi suka tashi gaba ɗaya. Wasu suka bi ta kansa, wasu suka faɗa gonar gyaɗa da ke gefen hanya, ɗaya ta sauka a kan shingen tana kuka. Gwaggo ta manta da bindiga da kaki. Ta ɗaure zani a ƙugu ta fara ba da umarni: kai tare can, ke bi ta bayan tsaunin can, kai mai hula kada ka taka mata fiffike. Sojoji da fasinjoji da direba duk suka bazu cikin gona. Wani alhaji mai babbar riga ya yi tsalle ya rufe biyu da rigarsa, ya kwanta a kansu yana kiran a zo a taimake shi. Wata mata mai goyo ta yi dariya har ta zauna a ƙasa. Ni ma ban san lokacin da tsoro ya sake ni ba.

Sojan da ke riƙe da katina shi ya kamo ta ƙarshe. Ya kawo mini ita yana haki, ya haɗa da katin, ya rage murya ya ce yana da ƙanwa a lise mai ƙoƙari ƙwarai, yaya ake yi a samu burs? Ashe abin da ya sa ya tsayar da ni ke nan, kunya ce ta hana shi tambaya a gaban mutane. Na tsaya a bakin hanya, zabuwa a hammata, na gaya masa duk abin da na sani. Gwaggo ta ba sojojin zabo ɗaya ladan gudu, muna shiga mota ta sanar da ni daga rabona za a cire.

Da aka daidaita aka buɗe jami'a, asusuna ya isa kuɗin mota da ɗaki da abincin watanni. Burs ya dawo, amma a makare yake zuwa, wani lokaci ma rabi. Ban damu kamar sauran ba. Duk hutu ina Dapaong, har abokan ɗakina suka fara ba ni saƙon zabi na iyayensu. Haka na gama. Ranar da na kawo takardar shaida gida, Baba ya yanka rago, ya gasa da hannunsa, ya hana kowa biyan ko sisi a teburinsa.

An tura ni koyarwa, kuma albashina na farko na ɗauka na nufi Dapaong don in mayar wa Gwaggo jarinta. A zuciyata na ɗauka Gwaggo za ta ce in bar shi. Ba ta ce ba. Ta karɓa, ta ƙulle a haɓar zani, ta ce Allah ya yi albarka, sannan ta aike ni in ba zabi ruwa. Ashe ta daɗe tana tara kuɗin kujerar Makka, nawa ne ya cika mata. Da ta dawo muka je tarbarta a tasha, mu da matan kasuwa da tsohon nan na ƙauye da matarsa. Ta sauko da haƙorin zinariya, tana gaya wa duk wanda ya yi mata barka cewa jami'a ce ta kai ta.