Kunnen Kawu da Injin Niƙa

Ni dai likita na so zama, irin mai farar riga da ake miƙewa tsaye in ya shigo. Sakamakon jarrabawata ne bai so ba. A shekarun nan da kuɗin mai suka fara kwararowa, gwamnati tana tura yara karatu kamar mai rabon goron suna, na je Kaduna gaban masu ba da sukolashif. Mutum uku ne a bayan tebur. Na tsakiyan ya leƙi takardata ta saman tabarau, ya ce gurbin likitanci ya cika, na injiniya ma ya cika, amma akwai wani a wata jami'a ta kudu wanda babu wanda ya nema daga jiharmu, wai shi odiyoloji. Ina so?

Na ce ina so ƙwarai. Sai da na fito na tambayi masinjan ofishin ma'anar kalmar. Ya ce shi ma bai sani ba, amma daga jin sunan abin babba ne. A ƙamus na gano cewa ilimin ji ne: a auna kunnen mutum, a san abin da ya rage masa, a nema masa na'urar da za ta ƙara masa ji.

Lokacin garinmu, Kusada, yana ƙarƙashin Kankia, kuma a gidanmu babu wanda ya taɓa taka jami'a. Baba malami ne, da safe yana ba da karatu a zaure, in hantsi ya yi ya ɗauki fartanya. Na durƙusa na yi masa bayani, ya saurara har na gama, sannan ya ce, "Shekara nawa za ka yi?"

"Huɗu, Baba."

"Kunne nawa ne ga mutum?"

"Biyu."

"To, shekara bibbiyu ke nan. Allah shi ba da sa'a."

Ya mai da idonsa kan littafi. Wanda ya ɗauki maganar da zafi shi ne Kawu, yayan Inna, mazaunin Kankia. Kawu ɗan kasuwar hatsi ne da arzikin zamani ya taɓa, ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, ya sayi injin niƙa ya kafa a rumfar kwano kusa da kasuwa. Kafin in kama hanya duk Kankia ta ji cewa ɗan ƙanwarsa ya tafi karatun likita. Tun ranar ya daina kiran sunana, sai Likita. Ban gyara masa ba. Wa zai ƙi?

A jami'a ba mu kai goma ba a ajin. Malaminmu ya dawo daga Turai da lofe da wata irin magana ta hanci, yana kuma da inji guda na auna ji wanda ya fi ƙauna a kan 'ya'yansa. Shekarar farko ba mu taɓa shi ba. Sai ya yaye masa mayafi, mu tsaya daga nesa mu zana shi a littafi, ya mayar ya rufe. Akwai kuma ɗakin gwaji da aka lulluɓe bangonsa da soso don kada ƙara ta shiga, amma an gina shi jikin ɗakin janareto, don haka duk wanda muka auna a ciki sai ya fito da rabin kurunta.

Duk da haka karatun ya kama ni. Na koyi cewa a cikin kunnen kowa akwai ƙasusuwa uku da ba su wuce ƙwayar shinkafa ba: guduma, maƙera da likkafa. Can ciki kuma akwai wani abu mai siffar dodon koɗi, cike da 'yan siraran gashi da ke kaɗawa in sauti ya zo. Malam ya ce in ƙara mai ƙarfi ta daɗe tana dukansu sai su kwanta kamar geron da iska ta kayar, sai dai su ba sa sake tashi. Yana faɗin haka na tuna rumfar Kawu.

Hutun farko da na dawo, na tarar da mutane a ƙofar gida suna jiran likita. Mai ciwon ciki, mai basir, mai ƙafar da ƙaya ta karye a ciki. Na yi ta rantsuwa cewa ni kunne kaɗai na sani, kunnen ma ban gama ba. Wata tsohuwa ta ce, "To duba kunnen, ɗan nan, amma dai cikin ne ke ciwo." Wanzamin garinmu, wanda ke sakace wa mutane kunne da gashin kaza, ya tsaya daga gefe yana kallo. Da taron ya watse ya ce mini shi damina ɗaya ya yi wajen ubansa ya ƙware, amma ai kowa da irin kan da Allah ya ba shi.

Ranar kasuwa na hau mota zuwa Kankia gaida Kawu. Tun daga tasha ake jin injinsa. A cikin rumfar kuwa, bel ɗin injin na marin iska, kwano na amsawa, mata sun jera ƙorai suna magana da hannu. Kawu na tsaye jikin injin, fari fat da gari har gira. Na gaishe shi sau uku kafin ya ce, "Iye?" ya juyo mini da kunnen hagu. Da muka fito inuwa na ba shi labarin ƙasusuwan nan uku don in shigo da maganar a hankali.

"Likkafa cikin kunne?" Ya fashe da dariya. "To dokin hwa, ina shi ke?"

Na ce, "Kawu, injin nan yana cin kunnenka."

"Injin da na sawo da gumina? Ku 'yan boko hassada gare ku. Kunnena garau shi ke, mutane ne sunka koyi magana ƙasa-ƙasa kamar munahukai."

Na ce ko auduga ce ya riƙa cusawa in zai shiga rumfar. Nan fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ni gawa ne da za a cusa mani auduga?" Ya kai ƙarata wajen Inna, wai ɗanta ya je kudu ya koyo yi wa manya fatan mutuwa. Inna ta ce, "Yaya, ka yi haƙuri, yaro ne." Da ya tafi ta ce mini, "Kai ma dai, mutumin da ko da kunnensa ke lafiya ba ya jin magana?"

A shekarar ƙarshe aka ce kowa ya je garinsu ya auna mutane ya rubuto. Malaminmu ya ba ni aron wani ƙaramin injin auna ji mai batir, bayan ya sa na yi alkawari kamar mai karɓar amanar maraya. Ya haɗa mini da tsohuwar na'urar ƙara ji guda ɗaya, irin ta da: akwati kamar kwalin sigari, da igiya siririya da ke hawa zuwa kunne. Matsalar ita ce samun wurin da babu ƙara. A Kusada in zakara ya yi shiru jaki zai karɓa, in jaki ya gaji taɓarya ta ɗauka. A ƙarshe Baba ya ba ni soronsa na littattafai, ginin ƙasa mai kaurin bango. Na rufe ƙofa na ji shirun da ban taɓa ji a ɗakin soson jami'a ba.

Baba ne ya aika aka kira Kawu, don ba zai iya ƙin kiran surukinsa malami ba. Ya zo yana hura hanci. Na ɗora masa marufan kunne, na ce duk lokacin da ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Ban kai ga kunna injin ba hannun Kawu ya tashi sama.

"Kawu, ban fara ba."

"Ai na ji za ka hwara."

Haka muka yi ta yi. Yana satar kallon yatsana, in na motsa ya ɗaga hannu. Sai na juyar da shi ya fuskanci bango. Daga nan hannun ya kwanta a cinya. Na ƙara ƙarfi, na sake ƙarawa, har ni da ke gefe ina jin tsuwar abin daga marufan, shi yana zaune yana jiran a fara. Sautuka masu kauri yana kamawa, sirara kuwa sun tafi a kunne biyun. Wannan ne karo na farko da abin da ke littafi ya zauna a gabana sanye da hular kawuna.

Na yi zaton faɗa za mu yi kafin ya karɓi na'urar. Amma da na fito da ita ya ga akwatin yana ƙyalli, ga igiya, ga abin murɗawa, sai ya miƙo hannu. Ya zura akwatin a aljihun gaba, ya gyara shi yadda rabinsa zai leƙo. Na buɗe ƙofar soron, na kunna. Ya yi tsam, ya ce, "Mine ne wannan ke ƙara?" Na ce kurciya ce a kan katanga. Ya juya kai yana nemanta da ido.

Ranar kasuwa ta gaba, labari ya bazu a Kankia cewa likita ya kawo wa Alhaji mai inji rediyon da mutum ɗaya kaɗai ke ji, kai tsaye daga Ingila. Kawu bai ƙaryata ba. Sai ya dafe kunne, ya ɗaga wa mutane hannu su yi shiru, ya lumshe ido, sannan ya sanar da su cewa gyada za ta yi tsada, ko kuma za a yi canjin gwamnati. A shekarun nan in ka ce za a yi canjin gwamnati ba ka cika yin ƙarya ba, don haka sunansa ya ƙara fita.

Sai ga alhazai a ƙofar gidanmu. Wani dillalin gyada ya zo har Kusada a sabon babur, ya ce kunnensa ya mutu murus, a taimaka masa da irin ta Alhaji. Na shigar da shi soro. Duk ƙarar da na sakar masa bai ɗaga hannu ba, ko ƙiftawa bai yi ba, har na fara tausayin kunnen nasa. Na zagaya bayansa kamar mai gyara waya, na ce a hankali, kamar da kaina nake, "Wa ke taɓa babur ɗin can a waje?" Kafin in rufe baki ya kai ƙofa da marufan a kansa, ya kusa janyo injin malam ƙasa. Da ya dawo bai ji kunya ba. Ya ce to ya ji, kunnensa lafiya, amma mene ne laifin mai lafiya in yana son ƙari?

Shi kuwa Kawu, sati guda ya yi da na'urar a kunne tana aiki. Na je na tarar ya cire batir ɗin ya ajiye a gwangwanin goro, akwatin dai yana aljihu, igiya na kunne. Na tambayi dalili. Ya ja ni gefe ya ce da ya kashe inji da azahar, matan da ke jiran niƙa ba su san yana ji ba. Ya ji wadda ta ce yana rage musu gari, da wadda ta ce haƙorin zinariyar ma da garinsu aka saya, da wadda ta kwaikwayi "iye" ɗinsa har sauran suna riƙe ciki. Shekara da shekaru suna faɗin wannan a gabansa yana yi musu murmushi.

"Likita," ya ce, "abin ga naka ba shi da tarbiyya. Komi ya ji sai shi hwaɗi."

Na gama jami'a aka tura ni wani asibiti da bai san inda zai sa ni ba, don babu sunan aikina a takardunsu. Na yi shekara biyu ina rubuta wa marasa lafiya kati kafin a ba ni ɗaki. Kawu kuma ya sayar da injinsa ya sayi wanda ya fi shi girma. Jinsa ya ci gaba da tafiya har rediyon ya daina ruɗar kowa, domin mai jin Ingila ya kamata ya ji sallama. In ya zo Kusada, Baba sai ya share ƙasa da tafin hannu ya rubuta masa magana da ajami, shi kuma ya amsa da ihu.

Bayan shekaru, ya tsufa ya bar wa 'ya'yansa rumfar, na je gaishe shi. Ya kama hannuna ya ce zai faɗa mini sirri, ya faɗe shi da muryar da duk layin suka ji: ya gaji da kallon agogo kafin ya san lokacin salla, ko akwai wata na'urar da ta fi waccan ƙarfi? Na kawo masa sabuwa, ƙarama, mai maƙalewa a bayan kunne. Ya juya ta a hannu ya ce wannan ai ba mai ganinta. Na ce haka ake so. Ya bari na sa masa, muka zauna a dakali muna jira.

Da aka kira la'asar sai ya ɗaga kai, bakinsa ya ɗan buɗe. Ya saurara har aka kai ƙarshe, yana amsawa a hankali. Sannan ya ce, "Ikon Allah. Ladan ya koma yaro."

Ladanin da ya sani ya daɗe da rasuwa, shi da kansa ya je jana'izar. Ɗansa ne ke kira. Na buɗe baki zan tuna masa, sai na ga yana laluben buta da hannu yana share ido da hannun riga. Na miƙa masa butar.