Ranar da na juya giyar babur ɗina

Shekarun baya kaɗan, sa'ad da kaina ke hayaƙi, na sayi wani babur na tsere, irin mai ƙaton tankin nan da sai ka kwanta a kansa kake tuƙawa. Na hannu ne, amma in na murɗa totur a Goronyo, har masu shayi sai sun ɗago kai. Ina son babur ɗin nan kamar me!

Mahaifina kuwa ya tsane shi. Manomin albasa ne, ya fi shekara ashirin a kan babur irin na 'yan kabu-kabu, wato 'yan acaɓa, wanda ƙasa ake taka giyarsa duka. Sau ɗaya ya gwada nawa, ya yi ta takawa, abin ya ƙi gaba, don nawa sama ake ɗaga masa giya. Ya sauka ransa a ɓace.

"Wanga ba babur ba na," in ji shi. "In anka kwashe albasa, a kai shi kasuwa a saishe shi."

A gidanmu in ya yanke magana ta yanku. Saura mini mako uku.

Sai na ce kafin a raba mu, bari in ɗanɗana abin da na gani a waya: 'yan tseren Turai suna juya giyarsu, ta ɗaya a ɗaga sama, sauran duk a taka ƙasa, wai ya fi sauri a kwana. Na garzaya Wurno wurin wani bakanike, na tsaya ina yi masa bayani kamar malamin makaranta. Ya bari na gama.

"To mi ab baƙo nan? Giyar 'yan kabu-kabu ka ka so ke nan."

Na ji haushi, na ce ta 'yan tsere dai. Ya kwance ɗan ƙarfen da ke haɗa matakin giya da inji, ya kifa shi, ya ɗaure. Ko shayin da ya ajiye bai huce ba.

Hanyar komawa, wayyo daɗi! Taka, taka, taka, babur na ta miƙewa, ni kaɗai ina ihu cikin hular kwano. Da na doshi gonarmu ta bakin hanya, na hango Baba a kan kunya, na ce yau zai ga tuƙi. Na buɗe wuta, na zo ƙarin giya, ƙafata ta koma tsohon halinta, ta ɗaga sama, giya ta ragu maimakon ta ƙaru. Inji ya yi ƙara, tayar baya ta ja gefe, sai ga ni cikin rairayi, a gaban mutumin da ke neman hujja.

Ya iso da gudu. "Mi as same ka?"

Targaɗe ne a wuyan hannu, kama kuloci ya gagare ni. Dole shi zai kai mu gida. Murya ƙasa-ƙasa na ce, "Baba, ta hwarko kaɗai a ka ɗagawa. Saura duk takawa ta, kamar naka."

Ya harare ni, ya tattara babbar riga, ya hau, na ɗare baya. Ya taka ta biyu. Ya taka ta uku. A ta huɗu na ji kafaɗunsa na rawa, ashe dariya yake! Muka iso kwanar gidanmu, bai ko dube ta ba.

"Baba, mun wuce gida!"

"Na sani! Riƙe ni da kyau!"

Sai da muka kai garin Giyawa muka juyo, ni da hannuna mai zogi, shi da hularsa a hammata.

An kwashe albasa, ba wanda ya ƙara ta da maganar kasuwa. Sai dai kowace Juma'a makullin babur ɗina ya riƙa ɓata daga kan ƙusa, in tafi masallaci a ƙasa.

Na daɗe ina ɗaukar Baba mutumin da bai san daɗin gudu ba. Ashe ƙafarsa ce kawai ba a yi wa daidai ba. Yanzu gwiwa ta hana shi hawa, amma in na je gaishe shi, kafin ya tambayi iyalina sai ya tambaya ko na canza wa babur bakin mai.