"Da Sauƙi" a Kan Dutsen Peru

Duk wanda ya ga hotona a gaban Machu Picchu ya rubuto mini "ana shan hutu", ya yi kuskure. Ba hutu muka sha ba. Saura ƙiris in dawo Abuja ni kaɗai, kuma kalma biyu ce ta jawo.

Mun tashi da asuba daga Garki, ni da yayata. Ofishinsu ne ya tura ta taro Peru, mijinta ya ce ba za ta tsallaka teku ita kaɗai ba, shi ne aka ɗauke ni rakiya. Jirgi ya ajiye mu a wata ƙasa, wani ya kwashe mu, har na daina tambayar inda muke. Da aka gama taro ta ce sai mun ga Machu Picchu, tsohon birnin mutanen Inka, kuma da ƙafa, ta cikin duwatsu. Na ce mu je. Ni da na hau dutsen Ushafa da silifas, wane dutse kuma za a nuna mini?

A Kusko na fara gane kurena. Garin a sama yake, benen masauki kawai na hau na tsaya ina haki kamar wadda kare ya koro. Iska na nan, amma in ka shaƙa ba ta ƙosar da kai. Abinci kuwa, dankali kala-kala, har da baƙi da shuɗi. A wani gidan abinci aka wuce da faranti, na leƙa, na ga wata dabba kamar gafiya an gasa ta da haƙoranta a waje. Daga ranar ƙwai da masara suka zama abincina. Ruwan gora ma in ka ji kuɗinsa ƙishin sai ya tafi.

Muka kama hanya da ɗan jagora da wasu Turawa, dawakai na ɗauke da kaya. Hanyar siririya, dama dutse, hagu rami wanda ba ka ganin ƙarshensa. Ga wasu dabbobi masu wuyan raƙumi da gashin tunkiya suna kallon mutum da raini. Tun a ƙasa jagoran ya gargaɗe mu: duk wanda ya ji ciwon kai ko amai ko tari ya faɗa, ciwon dutse yana kisa.

Yaya ta fara da ciwon kai. Washegari tari. Duk inda aka huta jagoran sai ya zo ya tambaye ta jiki, ita kuma numfashi bai bar ta ta yi Turanci ba, sai ta ce, "Da sauƙi, alhamdulillahi." Ya juyo ya ce mini me ta ce? Na ce ta ce ta samu sauƙi. Ya yi murmushi ya wuce gaba.

Jama'a, wa ya taɓa jin Bahaushe ya ce babu sauƙi? Mutum yana kan gadon asibiti an sa masa robar hanci, ka ce ya jiki, zai ce da sauƙi. Gaisuwa ce, ba labari ba. Ni kuma na miƙa wa bawan Allah ita a matsayin labari, don hankalina na kan mu isa.

Dab da ƙololuwa, inda ƙanƙara ke kwance a gefen hanya, na waiwaya na ga Yaya zaune a ƙasa. Leɓenta ya koma toka-toka, ƙirjinta na ƙara kamar ana tafasa ruwa. Na ce, "Yaya, ya jikin?" Wallahi sai ta ce, "Da sau..."

Na ce, "Sauƙin me? Mutuwa kike yi!"

Na kwarara ihu. Jagoran ya zo a guje, ya ɗora mata iskar kwalba, aka sauke kayan wani doki aka aza ta, muka yi ƙasa. Yana jan linzami yana yi mini faɗa: ba ke kika ce ta warke ba? Ina bin dokin ina salati ina kuka, hannuna riƙe da ƙafarta.

Sai da ta kwanta a asibitin wani ƙaramin gari kafin numfashinta ya dawo. Kufan tsohon birnin kuwa a mota muka ƙarasa. Gini ne na duwatsu manya kamar ɗaki, an haɗa su ba siminti, ko allura ba za ta shiga tsakani ba, gajimare na yawo a ƙasan ƙafarka. Na riƙe baki. Amma rabin kallona a kan leɓen Yaya yake.

A filin jirgin Abuja mijinta ya ce ya hanya, ta ce lafiya lau. Kafin mu kai Lugbe na zayyane masa komai, tana ta hararata.

Da na shiga gida na tarar da Mama ta miƙe ƙafafu a tabarma, sun kumbura har zani ya yi musu shaida. Na ce, "Mama, ya ƙafar?" Ta ce da sauƙi.

Ranar Litinin zan sa ta a mota mu tafi asibiti, ko tana so ko ba ta so. Kuma tare za mu shiga wajen likita. In ya tambaya, ni zan amsa.